Ranar da Aka Tambaye Ni 'Ya'yana Nawa

Ina gaishe ku duka cikin sunan Yesu Almasihu Mai Cetonmu. Baba Fasto, dattawa, matan zumunta, 'yan mawaƙa, sannunku da sujada. An ja mini kunne kada in cinye lokaci. Zan yi ƙoƙari, amma ku yi haƙuri da tsohuwa.

Saboda baƙi, sunana Saratu. Daddawa nake yi, tun maigidana yana aikin jirgin ƙasa a nan Kaura har ya yi ritaya, kuma har yau ita nake yi. Kowa a garin nan Maman Rifkatu yake ce mini. Daga wannan sunan ma shaidata ta fara, domin Rifkatu ba ita ce ta fari ba. Akwai wanda ya riga ta.

'Yan'uwanmu da suka zo daga kudu, bari in ɗan yi muku bayani. A ƙasar nan uwa tana kunyar ɗanta na fari. Ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, in an tambaye ta 'ya'yanta nawa ba ta sa shi a lissafi. Musulmi da Kirista, Bahaushe da Bafulatani, haka duk muka taso muka tarar. Nawa kuma sai abin ya zama biyu, don sunan surukina aka sa masa. Ina ni ina faɗin sunan mahaifin mijina? Da aka yaye shi, surukata ta ɗauke shi zuwa ƙauyensu kusa da Moriki. Ita yake ce wa Inna. Ni kuma Yaya yake ce mini, yadda ya ji ƙannen babansa suna faɗa.

Ba ƙi ba ne, Allah ya sani. In ya zo hutu, tsokar da ta fi girma a kwanonsa take, amma Rifkatu ce mai kai masa. In zazzaɓi ya kama shi ba na runtsawa, amma da safe sai in ce, "A dubo mini yaron can ko ya tashi." Haka muka yi har ya girma ya yi gemu. Ni a wurina tarbiyya ce, kuma ina alfahari da ita. In na ga 'yan matan yanzu suna ƙwala wa ɗan fari kira a tsakar gida, sai in riƙe baki.

Yaron ya yi karatun jinya. Wani asibiti a ƙasar Turawa ya ɗauke shi aiki, ya tafi, daga baya matarsa Talatu ta bi shi. Shi ya koya mana cewa biza iri-iri ce. Akwai ta karatu, akwai ta aiki, akwai ta ziyara, sannan akwai babbar, wato takardar zama, wadda in ka same ta ka zama ɗan gari. Tasa ta aiki ce, kuma a ɗaure take da asibitin nan kamar akuya a turke. In aikin ya ƙwace, zaman ya ƙwace, har da na matarsa, don ita a bayansa take raɓe. Ya riga ya nemi takardar zama yana jiran amsa, an kuma ce masa kada ya motsa daga ƙasar har sai ta fito.

Ana cikin haka Talatu ta sami ciki, bayan shekaru suna nema, bayan ɓari biyu. Likitoci suka ce ta kwanta, ko tsintsiya kada ta ɗauka. Mahaifiyarta ta rasu tun tana makaranta. Can kuwa babu maƙwabciyar da za ta leƙo ta ce sannu. Yaron ya shiga tsaka mai wuya. In ya zauna yana jinyarta, aiki zai tafi. In ya tafi aiki, ita kaɗai ce a ɗaki da cikin da ba a tabbatar da shi ba.

Sai ya kira babansa, ya ce a roƙar masa Yaya ta zo da bizar ziyara, ta zauna da su har a haihu a yi wanka. Ku lura, ba ni ya kira ba. Ba mu saba ba.

Na ce to. Ni da ban taɓa wuce Zariya ba.

Muka je Gusau aka yi mini fasfo. Rifkatu, da yake malamar makaranta ce, ita ta cika duk abin da ake cikawa a waya, ta rubuta gaskiya tsaf: 'ya'ya huɗu, wanda za a je wurinsa ɗa ne, ga sunansa. Aka sa mana ranar ganawa da masu ba da biza a Abuja. Ta zaunar da ni ta yi ta koya mini: in sun ce yaushe za ki dawo, ki ce kaza, in sun ce wa zai ciyar da ke, ki ce kaza. Duk ta koya mini masu wuyar. Mai sauƙin ba ta taɓa ba, don wa zai zauna ya koya wa uwa yawan 'ya'yanta?

Ranar, Rifkatu a waje aka tsayar da ita, ni kaɗai na shiga. Aka kira ni gaban wata taga ta gilashi. A ciki ga Baturiya, a gefenta ga tafinta, wata yarinya Bahaushiya mai hankali. Baturiyar ta yi mini murmushi, ta yi magana, yarinyar ta juya.

"Mama, ta ce 'ya'yanki nawa?"

Na ce, "Uku." Ban ma yi tunani ba. Amsar da nake bayarwa ke nan tun ina budurwar uwa.

Baturiya ta dubi na'urarta, ta dube ni.

"Ta ce wurin wa za ki je?"

"Wurin yaron gidanmu."

"Ta ce mene ne sunansa?"

Jama'a, nan ne ido ya raina fata. Sunan yana nan a ƙirjina, ina jin sa, amma ya ƙi hawowa. Ga mutane a bayana, har da wani dattijo mai furfura da ke jin Hausa. Na sunkuyar da kai ina murza bakin mayafi. Na ce, "Mai sunan Baba ne."

Yarinyar nan ta gane. Na gani a idonta. Ta rage murya ta ce, "Mama, ni abin da kika faɗa kawai aka yarda in juya. Ki faɗa mata."

Baturiya ta sake tambaya, a hankali, ba da faɗa ba: "Ɗanki ne?"

Na ce, "Ɗan surukata ne."

To, ku sa kanku a kujerar matar nan. Takarda ta ce huɗu, tsohuwa ta ce uku. Takarda ta ce ɗa, tsohuwa ta ce ɗan suruka, kuma ko sunansa ba ta sani ba. Ni ma da ni ce, ba zan bayar ba. Ta turo mini fasfona ta ƙasan gilashi, ta ce ta yi haƙuri, ba za ta iya ba.

Da na fito na gaya wa Rifkatu yadda aka yi, sai ta zauna a gefen titi ta dafa kai. Daga baya muka kama hanyar gida.

A gida maigidana ya saurara har ƙarshe. Kun san shi da baki. Ya ce, "To Saratu, kin kai kunya har Abuja, halan sun ba ki lambar yabo? Ke da anka ce in kin je gari kin iske kowa da wutsiya, ki nemi tsumma ki ɗaura." Na ce masa ai sunan ubansa nake karewa. Ya ce, "Baba ya daɗe a wurin Ubangiji, ba shi neman biza."

Ina cikin jin haushinsa wayarsa ta yi ƙara. Yaron ne. Rifkatu ta riga ta gaya masa. Ya ce a ba Yaya. Wannan ne karo na farko da ya neme ni da bakinsa.

Bai ɗaga murya ba. Da ya ɗaga ma da ya fi mini sauƙi. Ya ce, "Yaya, tun ina yaro nike jin kina cewa uku. Na san al'ada ce, ban taɓa riƙe ki ba. Amma na ɗauka ranar da ta zama dole za ki ce huɗu." Ya ce, "Talatu ta ga jini jiya. Na bar ta ita ɗaya na taho aiki." Ya kashe.

Na ji kunya iri-iri a rayuwata, amma irin ta ranar ban taɓa ji ba. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai. Ashe abin da nake kira ladabi, shi yana ƙirga shi.

Labari ba ya ɓuya a Kaura. Kwana kaɗan wani mutum mai shirya wa jama'a tafiya ya same mu har gida. Ya ce kada mu damu, akwai wata ƙofa. Zai sa sunana cikin masu zuwa wani taron coci a can, babu maganar ɗa, babu maganar suna, in na sauka sai in sulale. Ba zan ɓoye muku ba, raina ya so. Hanya ce da ba sai na buɗe baki ba. Maigidana ya ce, "Wane taro?" Mutumin ya ce ai taron a takarda yake. Maigidana ya ce, "To mu a gidanga ba mu yin ƙarya da sunan coci. Kuma in anka kama ta, takardar yaron za ta ci." Ya raka shi har ƙofa. Tsohon nan yana da ranarsa.

Rifkatu ta bincika ta ce ana iya sake nema, amma za su ga abin da na faɗa a karon farko, dole in yi bayani. Aka sake sa mana rana. Ciki kuwa yana ta tafiya, ba ya jiran kowa.

Ranar zumuntar mata na zo nan. Can na zauna, a bencin da ke kusa da taga. Maman Fasto ta ce kowa ta kawo damuwarta. Na ce a yi wa yaron gidanmu da matarsa addu'a. Ta dube ni. Ta san labarin sarai. Ta ce, "Maman Rifkatu, yau ke za ki yi, mu mu ce amin. Kuma ki faɗa wa Ubangiji ko wane ne."

Na durƙusa. Na fara yadda na saba: "Ya Uba, ga yaron nan, ka san wanda nike nufi." Sai na tsaya. A nan ne na gane wani abu da ya girgiza ni. Tun ranar da na haife shi nake yi masa addu'a, safe da yamma, amma ko a gaban Allah ban taɓa kiran sunansa ba. Rifkatu da Yakubu da Lami, kowa da sunansa nake kai shi. Shi kaɗai ne "ka san wanda nake nufi." Har Mahaliccinsa nake yi wa kara.

Matan nan suna ta jira. Sai wani tunani ya sauko mini a zuciya, kuma na tabbata ba nawa ba ne. Yesu ma ɗan fari ne. Ubansa bai ji kunyarsa ba. A bainar jama'a ya nuna shi ya ce nasa ne. Ni ma da na zo wurinsa, tsohuwa mai warin daddawa, da sunana ya karɓe ni, bai ce "matar can" ba.

Na ce, "Ubangiji, kwance mini bakina."

Ya kwance. Sunan ya fito, da ƙyar, kamar an ciro ƙaya. Na faɗa sau ɗaya, na sake faɗa, sai kuka. Mata suka ce amin. Wata tsohuwa 'yar'uwata a al'ada, ba zan faɗi sunanta ba tana nan zaune, ta toshe baki da gyale don mamaki, amma ita ma ta ce amin. Yabo ga Ubangiji!

Kada ku ɗauka shi ke nan. Baki da ya shekara talatin da wani abu a rufe ba ya sakewa rana ɗaya. Sai na riƙa gwadawa. Ina wanke kalwa ina faɗa. Ina ba awaki dusa ina faɗa. Maigidana ya ji ni wata safiya, ya leƙo ya ce, "Wa kike kira, uban ko ɗan? In uban ne, ki bari in gudu." Na jefe shi da mara.

Muka koma Abuja. Wannan karon namiji ne a bayan gilashin, amma tafintar ita ce dai. Da ta gan ni ta sunkuyar da kai, ina jin addu'a take yi a nata addinin.

"Mama, ya ce 'ya'yanki nawa?"

Na ce, "Huɗu."

"Ya ce wancan karon kin ce uku."

Na ce, "Hwaɗa mishi gaskiya ne na ce uku. A ƙasarmu uwa ba ta ƙirga ɗan fari, kunya ce. Amma ni na haife shi, a asibitin Kaura, da damina. Ɗana ne." Na faɗi sunansa cikakke, har da na kakansa da ke ciki.

Yarinyar ta juya masa. Ya tambaye ta wani abu, ta amsa, na ga ya gyaɗa kai. Daga baya ya ce me zai tabbatar masa zan dawo. Na ce ina da tsoho a gida wanda ba ya cin miyar kowa sai tawa, ga awaki, ga masu sarin daddawata daga Shinkafi da Zurmi da za su tsine mini in na daɗe. Na ce ni sanyi ma ba ya yi mini. Ya yi dariya. Ya riƙe fasfon, ya ce za a kira ni in karɓa.

Ba wayona ba ne, 'yan'uwa. Akwai waɗanda suka fi ni takardu da Turanci a layin nan, suka fito hannu wofi. Ubangiji ne ya yi.

Maganar jirgi ba zan ba ku ba, don lokaci. Kawai dai na riƙe kujera na rera duk waƙoƙin zumunta da na sani.

Da muka sauka, wata ma'aikaciya ta tura ni a keken marasa lafiya har inda ake tarbar baƙi, ni da ƙafafuna lafiya lau. Mutane cunkus. Na hango shi kafin ya hango ni. Ya rame. Yana tsaye yana ta leƙe ta wata ƙofar daban, ya ba ni baya. Da a da ne, sai in ce wa matar nan ta taɓo mini yaron can.

Na miƙe na ce, "Iliya."

Bai juyo ba. Ya gaya mini daga baya ya ji, amma bai san sunan da wannan muryar ba. Na ƙara ɗagawa. "Iliya, ɗana."

Ya juyo. Ƙaton mutum, ma'aikacin asibiti, ya durƙusa a ƙasa a gaban Turawa ya riƙe ƙafafuna. Ya ce, "Inna." Tun da surukata ta rasu bai ƙara ce wa kowa haka ba. Ni kuwa bai taɓa ce mini ba.

Na iske Talatu a kwance, duk ta kumbura. Na karɓi gidan. Iliya ya koma aikinsa da kwanciyar hankali, bai ƙara fashi ba. Na yi girki, na yi wanki, na yi faɗa da murhunsu mai wutar lantarki har muka saba. Daddawar da na so in kai musu Rifkatu ta hana, ta ce za a ƙwace a filin jirgi, sai da na yi miya da ta kanti, Allah dai ya yafe wa mai yin ta. Cikin ya zauna har lokacinsa. Aka haifi mace, lafiyayya. Ni na yi wa Talatu ruwan zafi da kunun kanwa yadda uwarta za ta yi mata.

Wasu 'yan ƙasarmu a can suka ce in zauna kawai, wa zai neme ni. Na ce a'a. Baƙon da ya wuce kwanakin da aka ɗibar masa, mai masauki yake ja wa magana. Na dawo tun bizata ba ta ƙare ba. Bayan dawowata takardar zaman Iliya ta fito, tasa da ta iyalinsa. Yanzu yana iya zuwa gida, kuma ya ce da Kirsimeti za ku gan shi a nan.

Saura abu ɗaya in zauna. Yarinyar da aka haifa, sunana suka sa mata. Kwana biyu sai na lura Talatu ba ta kiran sunan. Sai "Mamana", sai "yarinyar nan". Ga kunyar 'yar fari, ga ta suruka, daidai inda na fara. Ana gobe zan taho na zaunar da ita. Na ce, "Talatu, mi as sunan ɗiyarki?" Ta rufe fuska tana dariya, ta ce, "Haba Inna, a gabanki?" Na ce, "A gabana. Na yafe miki wannan kunyar, ki nemi wata ki yi mini." Ta daɗe tana kallon jaririyar. Sannan ta ce, "Saratu." Mu biyu muka amsa, ni da baki, jaririyar da kuka.

Ban ce ku zubar da al'ada ba. Har gobe ba na kiran sunan maigidana, ga shi can yana murmushi, kada ya sa rai. Amma iyaye mata, in akwai ɗan da kike ce wa "yaron can", ki sani yana ji, kuma yana jira. Kada ki bari sai Bature ya tambaye ki ta bayan gilashi.

Masu neman takardun tafiya kuma, ku faɗi gaskiya, ku bi ta ƙofa, ku bar sauran ga Allah. Wanda ya buɗe bakina zai buɗe muku hanya a lokacinsa. Ku dogara gare shi.

Ina gode wa Ubangiji Yesu saboda 'ya'yana huɗu: Iliya, Rifkatu, Yakubu da Lami. Daga yau, duk wanda ya ce mini Maman Iliya, zan amsa. Amin.